Kafin a Kori Mutum, Sai an Fara Kiransa Baƙo

Shekaru kaɗan da suka wuce na raka kawuna wani ofishi a nan Kumasi, ƙasar Ghana, domin a cika masa takardu. Shekararsa saba'in da huɗu a lokacin. A Aboabo, wata unguwar Zango ta Kumasi, aka haife shi, a garin nan kuma aka binne cibiyar mahaifinsa. Kakansa ne ya gangaro daga Salaga, tsohuwar kasuwar goro ta arewacin Ghana, bayan basasar da ta watsa garin a 1892. Mun yi sammako, muka bi layi har rana ta take, sannan aka kira mu gaban wani matashi sa'an jikokin kawu. Ya dubi sunan, ya dubi hular, ya yi tambaya da harshen Twi: "Wofiri he?", wato daga ina kake. Kawu ya amsa masa da Twi mai nauyi, irin na dattawan fada wanda yaran yanzu ma ba su iya ba, ya ce shi mutumin Kumasi ne. Matashin ya ce ya gane a Kumasi yake zaune, amma ainihin garinsu yake tambaya.

Da aka zo wurin sa hannu, kawu ya karɓi biro ya rubuta sunansa daga dama zuwa hagu, da hannun nan nasa mai kyau wanda ya shekara hamsin yana rubuta lissafin goro da shi. Matashin ya janye takardar, ya turo masa tawada, ya ce tunda Baba bai iya rubutu ba, ya dangwala yatsa kawai. Ban ga mugunta a fuskarsa ba ko kaɗan, har ruwan sha ya sa aka kawo wa kawu. A cikin tiro-tiro, wato motar haya, muna komawa gida, kawu ya daɗe yana kallon shuɗin da ke kan babban yatsansa, sannan ya ce da ni: "Ka ji ko, ɗana? Shekara saba'in da huɗu, har yanzu ban iso ba."

Wannan magana ce ta sa na fara kwance kalmomi yadda kawu ke kwance huhun goro. Mai sayen goro ba ya yarda da na sama. Sai ya buɗe ganye, ya zura hannu har ƙasa, domin a can ake ɓoye mai tsutsa. Haka kalma take: akwai ma'anar da aka jera a sama, akwai aƙidar da aka shimfiɗa a ƙasa. Kuma idan na ce aƙida, ba ta tauhidi nake nufi ba. Ina nufin abubuwan da jama'a suka ɗauka haka Allah ya yi su, har ba a ganin suna buƙatar hujja: wane ne mai gida, wane ne ɗan haya, wa ya isa a saurare shi, wa za a taka a wuce ba a waiwaya ba. Ba a shelar irin waɗannan a rediyo. A cikin kalmomin yau da kullum suke tafiya, shi ya sa mutumin kirki ma ke iya furta su da zuciya ɗaya. "Ainihin garinku" kalmomi biyu ne, amma hukunci ne cikakke, cewa gari na jini ne, zaman shekara ɗari ba ya sa ka zama nasa. Gaskiya ne kowa a Ghana ana yi masa wannan tambaya. Bafante da aka haifa a Kumasi zai ce Cape Coast, a rubuta, a wuce. Bambancin shi ne amsarsa tana barinsa a cikin ƙasa, tamu kuwa ana jan ta har sai ta kai bakin iyaka.

Mu fara da sunan unguwarmu. Zango kalmarmu ce, ba wanda ya ƙaƙaba mana ita. Wurin da ayarin fatake ke sauke kaya ne, a ɗaure jakuna, a kwana, da asuba a ɗaura a ci gaba. A zamanin fataucin Gwanja, sa'ad da ake ɗauko kanwa da tufafi da fatu daga Kano da Katsina a komo da goro daga Salaga, sunan ya dace da abin da yake nufi. Sai duniya ta juya. Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, hanyar goro ta sauya, Salaga ta fara dusashewa, mutanenta suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, wadda dattawanmu ke kira Ankara. Suka gina gidaje da masallatai, suka yi maƙabartu. Wanda ya binne iyayensa a wuri ai ya gama tafiya. Amma sunan bai sauka tare da kayan ba, har yau yana cewa gobe za mu tashi. Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma wanda ya kama linzamin shi ke juya dokin. A bakinmu Zango na nufin gida, da maƙwabtaka, da tukunyar da ba a hana kowa. A bakin wasu ya zama gajeriyar hanyar cewa ƙazanta, hayaniya, da samarin da ake haya ranar zaɓe. Mai gidan haya a wata unguwa zai ce ba ya son "halin Zango" a gidansa, kowa ya gane abin da yake nufi, alhali bai ambaci addini ko ƙabila ba, don haka ba wanda zai iya kama shi da laifin wariya.

Kalmar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ita ce baƙo. A al'adarmu baƙo mai daraja ne. Baƙonka Annabinka, muke cewa, shi ake ba wa sabuwar tabarma da cinyar kaza. Amma mu ɗin dai muna cewa baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya tafi. Saboda haka lokacin da kakanninmu suka yarda a kira su baƙi a ƙasar Asantehene, sarkin Asante, ladabi suke yi wa mai masauki, suna amsa cewa ƙasa tasa ce. Ba su san wata rana za a sami gwamnati mai fasfo da kan iyaka da za ta ɗauki kalmar ta ba ta haƙora ba. Musulmi ba jiya suka zo garin nan ba. Turawan da suka iso Kumasi a 1817 sun tarar da malamai a fada suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci. Duk da haka, a 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, jagororin jam'iyyar Musulmi ta MAP a Kumasi, waɗanda ke ɓangaren adawa. Sun je kotu suna cewa su 'yan Ghana ne. Kafin kotu ta yanke hukunci majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, aka tura su Najeriya. Abokin hamayya sai an yi muhawara da shi, a kayar da shi a akwatin zaɓe. Baƙo kuwa mota kawai ake nema masa.

Sai 18 ga Nuwamba 1969, ranar da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma ba shi da takardar izinin zama, mako biyu ya nemo ta ko ya fice. Kalmar da dokar ta yi amfani da ita ita ce "alien", wato baƙo, kuma duk wanda ya girma a Zango ya ji tsofaffi na ambatonta da wata irin murya. Kawu yana da shekara ashirin da uku a lokacin. Ya ce mutanen da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Ilori ba, sun sayar da gidaje da kekunan ɗinki a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba, suka hau manyan motoci zuwa ƙasar da aka ce tasu ce. A wancan zamani mutane ƙalilan ne ke da takardar haihuwa, ko a Zango ko a wajenta. To da me ake gane wanda za a tambaya takarda? Da suna, da riga, da tsagen fuska, da harshen da ya yi sallama da shi. Doka ta yi maganar takardu, titi ya fassara ta da kamanni. Kada kuma wani ya ɗauka wannan halin wata ƙasa ɗaya ne. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka dawo, har jakar da suka zuba kayansu ta sami sunan "Ghana Must Go" da ake kiranta da shi har gobe. Wancan karon masu jin Hausa na cikin waɗanda ke riƙe da linzamin.

Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya fi dokokin baya sauƙi a wannan fanni. Sashe na 6 ya ce wanda aka haifa bayan fara aiki da shi ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne. Amma a sashe na 9 akwai sharaɗin cewa mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar rajista sai ya iya wani harshe "na asalin Ghana". Nan tambaya take: Hausa na ciki? Hukumar Harsunan Ghana, wadda aka kafa a 1951, tana aiki da harsuna goma sha ɗaya, irin su Twi da Fante da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani da Gonja da Kasem. Babu Hausa. Gidan rediyon gwamnati kuwa ya daɗe yana karanta labarai da Hausa, kuma duk ɗan takarar da ya shigo unguwannin Zango irin su Asawase ko Nima sai ya koyi "sannunku da zuwa" da "insha Allahu". Wato idan ana so mu ji umarni ko mu kaɗa ƙuri'a, harshenmu na gida ne. Idan aka zo buga littafin makaranta, ya koma na ƙetare. A ƙidayar 2021, wadda ta ce mu miliyan 30.8 ne, an jera manyan rukunan ƙabilu takwas, sai gurbin "sauransu". Mutum ya tashi ya ga sunansa "sauransu" a littafin ƙasarsa, ba ƙaramin abu ba ne, domin da waɗannan alƙaluma ake tsara abin da za a yi wa wa.

Zan yi rashin adalci idan na nuna kamar Hausa kullum ita ce ake dannewa. Ta taɓa zama harshen bulala a ƙasar nan. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya haɗa runduna a Legas, aka riƙa kiranta Hausawan Glover, ko da yake ba dukansu ne Hausawa ba, da yawa bayi ne da suka tsere. Da su aka zo yaƙin 1874, kuma sojojin da ake kira Hausawa ne ke cikin ganuwar Kumasi tare da gwamna a 1900, lokacin da Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci mayaƙan Asante, ta yi musu ƙawanya. Hausa ta zama harshen bariki, har 'yan sandan mulkin mallaka suka sami laƙabin "buga-buga" daga kalmarmu ta bugu. Bakan, wato ɗan ƙabilar Akan, da kakarsa ta ba shi labarin wannan zamani yana da nasa abin da yake ji idan ya ji Hausa, ya kamata mu san da haka.

Kalmomin aro ma suna tona asirin wanda ke sama. Dubi abin da muka karɓa daga Turanci: kotu, lauya, ofis, fasfo, lasisi, gwamna, soja. Kayan mulki ne zalla. Daga Larabci muka karɓi hukunci, alƙali, shari'a, siyasa, daula. Yanzu dubi abin da mutanen kudu suka karɓa daga gare mu: waakye daga wake, koko, ƙosai, tuwo zafi, fura, da kaya, wadda aka haɗa da kalmar Ga mai nufin mace aka sami kayayoo, 'yar dako. Sai aboki, kalmar da ba ta da aibu a wurinmu, amma a bakin wani ta zama sunan duk mai gasa nama ko mai gyaran takalmi da ba a damu a san sunansa ba. Abinci, dako, gadi. Ba ƙamus ne ya zaɓi waɗannan ba, wurin da aka saba ganinmu ne ya zaɓa.

A makarantar firamare da na yi, an rubuta a bango cewa an hana "banakula", wato harshen gida. Wanda aka kama yana Hausa ko Twi sai a rubuta sunansa, ranar Juma'a a yi masa bulala. Abin da ya fi dukan zafi shi ne mu ne ke rubuta sunayen juna. Yaron Zango yana tashi da Hausa a gida, Twi a titi, Larabci a makarantar allo, wani ma da Dagbani ko Mosanci ko Zabarmanci wajen kakarsa. Ya shiga aji da harsuna huɗu a bakinsa, a ce ba shi da ƙwaƙwalwa saboda na biyar ya yi masa gardama. A 2002 gwamnati ta mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga aji ɗaya, bayan 'yan shekaru aka sassauta aka dawo da harsunan gida a ƙananan azuzuwa. Amma harshen gida a takarda yana nufin ɗaya daga cikin sha ɗayan nan, don haka yaron Aboabo bai ga canji ba. Daga wannan tushe ne aka turo wa kawu tawada. "Iya rubutu" ya zama iya baƙaƙen Bature kaɗai. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934 ya bar waƙoƙi da tarihi da Larabci da ajami, da ya shiga wannan ofishi da shi ma yatsa zai dangwala. A Arewacin Najeriya ma, da aka tashi koya wa manya boko, Yaƙi da Jahilci aka sa wa shirin, a ƙasar da ta shekara ɗaruruwa tana rubutu.

Wani zai ce duk wannan ɓacin rai ne kawai, kalma ba ta fasa kai. To a je Accra, wata unguwa a bakin tafkin Korle. Mazauna wurin suna kiransa Old Fadama, kuma mun san fadama: ƙasa mai damshi inda ake shuka ko da rani. Jaridu da jami'ai kuwa sun shekara suna kiransa Sodom da Gomora, wato alƙaryar mutanen Annabi Luɗu. Duk wanda ya je coci ko makarantar allo ya san ƙarshen wannan alƙarya, ya kuma san ba a tausaya mata. Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015, waɗanda suka ci rayuka sama da 150, motocin rusau suka shiga unguwar cikin watan nan, dubban mutane suka kwana a fili cikin damina. Akwai hujjar yashe hanyar ruwa, ban musa ba. Amma rushe unguwar da ake kira Fadama yana buƙatar a yi bayanin inda mutanenta za su koma. Rushe Sodom ba ya buƙatar komai, sunan ya riga ya gama shari'ar tun kafin direba ya tada mota.

Mu a Kumasi muna da namu tabon. A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne da suka yi musayar wuta da su. Kafin gari ya waye labarin ya zaga ƙasa da wannan suna, mutane da yawa suka ce Allah ya ƙara. Mutanen Asawase suka fito suka ce ƙarya ne, 'ya'yanmu ne, mun san su, mun san sana'arsu. Aka ce ai Zango ce, ta saba tada hankali. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya zo ya ce bai ga hujjar cewa 'yan fashi ba ne, aka dakatar da 'yan sanda 21, daga baya aka biya iyalai diyya. Abin da ke hana ni barci shi ne saurin da aka yi aka yarda da labarin farko. Sunaye bakwai, yawancinsu na Musulmi, daga Zango, a kusa da kalmar fashi: kunnuwa da yawa ba su ji wani abu ya yi karo ba, domin an daɗe ana ajiye waɗannan kalmomi kusa da juna. Haka ake yi wa Fulani idan rikicin manoma da makiyaya na Agogo ya tashi. Idan Bakan ya yi laifi, a ce wani mutum ya yi kaza. Idan makiyayi ne, kanun labari ya ɗauko ƙabilarsa gaba ɗaya, har malamar asibiti Bafulatana da ba ta taɓa riƙe sanda ba ta shiga cikin zargin.

Ba a sunaye kaɗai abin yake ba, har cikin ginin jimla. Hausa na da wata ƙaramar kalma mai haɗari: "an". An rushe, an kama, an harbe, an ƙara kuɗin mota. Wa ya yi? Jimlar ta haɗiye shi. Muna da wata hanyar ma da ta fi wannan ɓoyewa, inda abin ke yin kansa: farashi ya tashi, kasuwa ta ƙone, sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi, rayuka sun salwanta, kamar ruwan sama. Na sha sauraron masu fassara labarai a gidajen rediyon Zango, sanarwar hukuma ta zo da Turancin da ya ɓoye mai aikin, su kuma su zuba ta a "an" ba tare da sun lura sun taya ɓoyewa ba. Amma idan talaka ne ya yi, jimlar ba ta mantuwa: matasan Zango sun ƙona taya, 'yan talla sun tare hanya. Korar masu kasa kaya a bakin kasuwar Kejetia kuma sunanta "rage cunkoso", kamar matar da ke sayar da tumatir don ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta majina ce a hancin birni. A ganina duk mai riƙe da makirufo a unguwannin nan, kafin ya ce "an", ya tsaya ya tambayi kansa ko ya san wanda ya yi. Idan ya sani, ya faɗa.

Laifi tudu ne. Muna jin zafi idan aka kira mu "pepeni" ko "otani", sunayen raini da ake kiran 'yan arewa da su, kuma muna da gaskiya. Amma me muke kiran maƙwabcin da ba ya salla? Arne. Me muke cewa da wanda Hausarsa ba ta nuna ba? Bagware, yana gwaranci, mun mayar da sunan al'umma guda ma'aunin rashin iya magana. A cikin Zango kanta akwai tsani. Dattawa sun san lokacin da ake raba 'yan ƙasa, wato waɗanda aka haifa a nan, da baƙi sababbin zuwa, ana kuma raba masu "asali" da waɗanda ake raɗa cewa kakanninsu a kasuwar Salaga aka saye su. Maganar ba ta fitowa sai an zo neman aure, sannan a ji wata gwaggo ta ce a bincika tukuna. Yarinyar da ta zo daga Walewale ko Tamale tana ɗaukar kaya a Kejetia, Hajiya za ta ƙwala mata "kaya!", ta ɗora mata buhun da ya fi ta nauyi, su yi tafiyar rabin awa ba ta tambayi sunanta ba. An kira mutum da sunan abin da ke kansa. Wanda ya yi haka da safe, da wane baki zai yi ƙarar wanda ya kira shi aboki da yamma?

Har Hausar da muke yi ba ta tsira ba. Namu Gananci ya bar bambance namiji da mace a wurare da dama, mukan ce "ya zo" ko da mace ce, mun kuma cakuɗa da Twi da Turanci. Idan ɗan Kano ya yi dariya, sai mu sunkuyar da kai mu ce ai tamu ba Hausa ba ce sosai. Alhali abin da ake kira daidaitacciyar Hausa zaɓi ne da mutane suka yi: aka ɗauki karin Kano, aka buga shi a Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, gidajen rediyo irin su BBC Hausa, da ya fara a 1957, suka baza shi duniya. Yana da amfani a sami ma'auni ɗaya na rubutu, da shi nake wannan rubutun. Amma Basakkwace bai daina zama Bahaushe ba don karinsa ya bambanta, haka ma ɗan Aboabo. A waje a ce mana ba mu cika 'yan Ghana ba, a cikin dangi a ce ba mu cika Hausawa ba, mu kuma mu amsa duka biyun.

Na san masu cewa a bar zancen kalmomi, a gyara mana kwata da makarantu. Ina tare da su a kan kwata. A 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa ma'aikatar raya Zango da asusu na musamman, aka yi wasu ayyuka, a 2021 aka rufe ma'aikatar asusun ya ci gaba. Mutane da yawa sun yi murna da ganin sunanmu a jikin ma'aikata, kuma na fahimci dalili. Sai dai an haɗa sunan da wata kalma da aka aro daga Amurka, "Inner City", wadda can take nufin unguwannin talakawa na tsakiyar birni, wato an amsa cewa Zango matsala ce da ake magani. Manyan jam'iyyun biyu kowace na da reshenta na Zango, NPP da Nasara, NDC da nata. Tambayar da nake yi wa masu zancen kwata ita ce: me ya sa kwatar Aboabo ke buƙatar asusu na daban da godiya ta daban, alhali ta Nhyiaeso, unguwar masu hali, aikin hukuma ne na yau da kullum? Abin da aka yi wa ɗan gida haƙƙi ne, ba ya godiya sai in ya ga dama. Abin da aka yi wa baƙo alheri ne, kuma mai alheri na iya janye hannunsa ranar da ya so.

Takardun kawu sun fito bayan wata biyu, ni na je na karɓo masa. Bayan doguwar muhawarar ranar nan, matashin ya nemi sunan garin da kakansa ya fito, shi ya rubuta. A gurbin gari an sa Salaga, inda kawu bai taɓa kwana ko sau ɗaya ba. Ya sa na karanta masa sau biyu, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Bara jikarsa ta zo cika fom na shiga sakandare, ta kira ni a waya tana tambaya: "Kawu, sun ce in rubuta garinmu. Kumasi zan sa, ko abin da ke takardar Kaka?"